Ibn Sina Da Misalin Mutumin Da Ke Reto A Iska

A cikin masanan da suka shuɗe, wanda na zaɓa in kawo muku tarihinsa shi ne Abu Ali Ibn Sina, wanda Turawa ke kira Avicenna. Dalilina kuwa, shi likita ne da ya san jikin ɗan Adam ciki da bai, amma duk da haka ya tsaya a kan cewa jiki ba shi ne mutum ba.

An haife shi wajen shekarar 980 a ƙauyen Afshana, kusa da birnin Bukhara, cikin ƙasar Uzbekistan ta yanzu. Yana ɗan shekara 10 ya haddace Alƙur'ani, kana ya shiga lissafi da manɗiƙi da ilmin magani. Akwai wani littafi na Aristotle, masanin nan na Girka, da ya karanta sau 40 bai gane shi ba, sai da ya sayi ɗan sharhin Alfarabi a kan dirhami 3, sa'an nan ma'anar ta buɗe masa. Tun yana saurayi ya yi wa Sarkin Bukhara, Nuhu ɗan Mansur, magani, aka saka masa da izinin shiga ɗakin littattafan fada.

Jin daɗin nan bai daɗe ba. Mahaifinsa ya rasu, mulkin sarakunan Bukhara ya rushe, ya shiga yawo gari gari har ya sauka Hamadan ta ƙasar Farisa, wato Iran. A can Sarki Shamsud Daula ya naɗa shi waziri. Bayan rasuwar sarkin aka ɗaure shi wata 4, daga baya ya yi ɓad da kama ya gudu Isfahan. Cikin wannan ɗawainiya ya wallafa manyan littattafansa biyu, wato Alƙanun, wanda aka yi ta karantar da likitoci da shi a Turai har ƙarni na 17, da kuma Asshifa na falsafa.

To, a cikin Asshifa ne ya buga misalin da ya fi ba ni sha'awa. A ɗauka an halicci mutum farat ɗaya, baligi mai cikakken hankali, yana reto a sararin iska. An rufe masa ido, ba ya jin motsin kome, gaɓoɓinsa a ware, ko yatsa bai taɓa ɗan'uwansa ba. Bai san yana da hannu ko ƙafa ko zuciya ba. Shin zai san akwai shi? A wurin Ibn Sina zai sani, babu shakka. Tun da ya san kansa alhali bai san jikinsa ba, ashe abin da yake nufi in ya ce ni, wani abu ne dabam da tsoka da ƙashi, shi ne rai.

Ba kowa ya yarda da shi ba. Imam Gazali ya yi masa raddi mai zafi, musamman a kan batun tashin jiki ranar ƙiyama. Waɗansu kuma suka ce rashin sanin abu ba ya nuna babu shi. Ai kakanninmu sun sha ruwa ba su san sinadaran da suka haɗa shi ba, kuma hakan bai raba ruwan da sinadaransa ba. Wannan suka tana da ƙarfi, har yanzu masana na gardama a kai.

Ciwon ciki ya kama shi a kan hanyar yaƙi tare da Sarkin Isfahan. Da ya ga magani ya ƙi, sai ya 'yanta bayinsa, ya rabar da dukiyarsa ga matalauta, ya duƙufa kan karatun Alƙur'ani. Ya rasu a Hamadan a 1037, kabarinsa yana can.

Ni dai a ganina, ko ba mu karɓi dukan hujjarsa ba, misalin ya ishe mu wa'azi. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu bai zama rabin mutum ba, haka makaho, haka gurgun da ke bakin kasuwa. Kowannensu ya san kansa kamar yadda na san kaina, kuma wulaƙanci yana yi masa zafi kamar yadda yake yi mini. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, mu riƙa gaishe su da irin gaisuwar da muke yi wa mai rawani.