Sarkin Katsina Usman Nagogo da Sha'anin Dawaki

An haifi Alhaji Usman Nagogo a birnin Katsina cikin shekarar 1905, shekara guda kafin mahaifinsa Muhammadu Dikko ya hau gadon sarauta. Ya tashi a gidan da doki ke da daraja ƙwarai, domin Sarki Dikko mutum ne mai son sukuwa, kuma shi ne ya kafa wasan ƙwallon doki a Katsina bayan tafiyarsa Makka da Ingila a 1921. Nagogo ya yi karatun addini a gida, sa'an nan ya shiga makarantar boko. A 1929 aka ba shi shugabancin 'yan dokan Katsina, a 1937 ya zama Magajin Gari, a 1944 kuwa ya gaji mahaifinsa.

Abin da jama'a suka fi tunawa da shi, bayan sarauta, shi ne gwanintarsa a filin folo. Ana auna 'yan wannan wasa da ma'auni wanda ya tsaya a goma, shi kuwa ya kai bakwai, matsayin da 'yan ƙalilan ne a duniya suke takawa. Sai dai mai kallo rabin labari kawai yake gani. Wasan na mutum huɗu ne a kowane ɓangare, ana yin sa zango-zango, kowane zango kimanin minti bakwai, kuma saboda tsananin gudu da juyi ba a barin doki ɗaya ya ɗauki wasan duka. Ke nan wanda zai yi fice sai ya tanadi dawaki da yawa, kowanne a hore, ya san linzami, ba ya tsoron sanda, ba ya gudun gogayya da ɗan'uwansa.

Irin wannan horo ba a yin sa ana jibi wasa. A ƙasar Hausa shekarar doki tana bin shekarar manomi ne. Da damina ciyawa ɗanya ta wadata, amma fili ya jiƙe, ƙudaje masu cizo sun yi yawa, cututtukan dawaki kuma a lokacin suka fi kisa, saboda haka aikin 'yan barga ya koma sharar turke da hayaƙi da duban kofato. Da kaka ake tara harawar wake da ta gyaɗa, a ɗaure a ɗora bisa rufi, a auna dawa da dusa da kanwa na sauran watanni. Wanda ya yi sakaci a nan, to, a bazara zai ga haƙarƙarin dokinsa. Da hunturu ƙasa ta bushe ta yi tauri, sanyin asuba da ƙura suna sa doki tari, duk da haka ba a fasa kilisa, don dokin da ya kwana biyu a turke numfashinsa raguwa yake yi. Bargar Sarkin Katsina ta daɗe tana fitar da dawakin da suka ci kofuna a Kaduna da Legas, wannan kuwa shaida ce cewa ba a yi wasa da ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba.

Abin lura shi ne Nagogo ya riƙe wannan sha'ani alhali nauyin mulki yana kansa. Ya je har ƙasar Bama ya duba sojojin Nijeriya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya riƙe muƙamin minista, Sarauniyar Ingila kuma ta ba shi lambar Sir a 1962. Mai yiwuwa wani ya ce wasan masu hali ne, kuma akwai gaskiya a ciki, tun da talaka ba ya iya ciyar da doki huɗu. Amma dukiya doki take saye, zama bisa sirdi kuwa sai an sha faɗuwa.

Ya shugabanci ƙungiyar folo ta Nijeriya, ya kuma ɗora 'ya'yansa bisa wannan hanya. Janar Hassan Usman Katsina, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1966, ɗan wasa ne sananne, haka ma Muhammadu Kabir. Allah ya yi wa Sarki Nagogo rasuwa ranar 18 ga Maris, 1981, bayan shekara 37 yana sarauta, Muhammadu Kabir ya gaje shi.