Richard St. Barbe Baker, Mutumin Itatuwa

Duk wanda ya zauna a Suleja da hunturu ya san yadda hayaƙi kan turnuƙe bayan gari, mafarauta sun sa wa daji wuta don neman ɓera da gafiya. To, akwai wani Bature da ya ƙare rayuwarsa wajen yaƙi da irin wannan ɓarna, ya kuwa taɓa aiki a ƙasarmu.

An haifi Baker a Hampshire ta Ingila cikin 1889. Yana saurayi ya tafi Kanada, ya ga yadda ake sare dazuzzuka ba lissafi. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ya koyi aikin gandun daji a Kambirij, sa'an nan aka aike shi Kenya cikin 1920.

Can ya tarar Kikuyu suna ƙone daji su yi gona, in ƙasa ta gaji su matsa gaba. Wani ma'aikacin da sai ya kafa doka, ya baza 'yan gadi. Shi kuwa ya lura mutanen nan ba su fara wani babban al'amari sai da rawa. Saboda haka cikin 1922 ya haɗa kai da wani basarake, Josiah Njonjo, suka kira rawar itatuwa. Samari suka taru dubbai. Aka zaɓi hamsin, suka yi alkawarin kowa zai dasa itace goma a shekara, ya kuma tsare na daji. Aka sa musu suna Watu wa Miti, watau Mutanen Itatuwa. A ganina wannan ita ce dabararsa da ta fi kowace, gama mai gona ba ya jin tsoron doka kamar yadda yake jin kunyar tsaransa.

Daga nan aka kawo shi Nijeriya ta Kudu, ya yi aikin gandun daji har 1929. Cikin 1952 ya ratsa Sahara da mota yana duba yadda rairayi ke cin ƙasa, ya ba da shawara a dasa katangar itatuwa a gefen hamada. Ba a yi ba a zamaninsa. Sai cikin 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shiri irin wannan, jihohinmu na can arewa kuwa suna ciki.

Ya rasu a Saskatoon ta Kanada ran 9 ga Yuni, 1982, yana da shekara 92, kwanaki kaɗan bayan ya dasa itacensa na ƙarshe a filin jami'ar garin.