Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata (1877–1955)

An haifi Alhaji Alhassan ɗan Abdullahi a Bebeji a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa fatake. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, mahaifiyarsa kuma ta tafi Akra neman halali, aka bar shi hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Sunanta ne ya bi shi, ya kuma bi zuriyarsa. Ya yi karatun allo, ya ɗanɗani yunwar almajirci, sa'an nan ya shiga fataucin goro ta hanyar Gwanja.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano sai ya rungumi cinikin gyaɗa, Allah kuwa ya buɗa masa. Ya mallaki filaye a Koƙi da Sarari, ya giggina gidaje, ya zaunar da iyalinsa da yaran gidansa. Jama'a sun fi riƙe labarin kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 da ya kai banki a 1929. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne bayin Allah da ya biya wa kuɗin hajji, al'adar da 'ya'yansa suka gada.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Allah Ya jiƙansa da rahama.