Tarihin Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, Falken Da Ya Rage Nisan Hanya

Mai karatu, daga filin jirgin saman Kano zuwa na Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, tafiyar awa biyar ko ƙasa da haka. Daga Kwatano kuwa kimanin kilomita 4,300 ne. A zamanin Alhaji Alhassan Ɗantata, mai zuwa Makka ta ƙasa yakan yi shekaru kafin ya dawo gida, wani ma ba ya dawowa.

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka shahara da fatauci. Mahaifinsa Madugu Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta koma Ankara ta ƙasar Gana. Wata baiwar Allah mai suna Tata ce ta rene shi, daga nan ya samo laƙabin Ɗantata.

Ya tashi ya tarar ayarin goro na tafiya daga Kano zuwa Gwanja da jakuna, ana shafe watanni a hanya. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ta ratsa ƙasar Borgu, ana yada zango a Paraku da Jugu. Ta haka ne kakannin da yawa daga cikinmu suka zauna a nan.

Shi kuwa Alhassan sai ya hango wata hanyar. Wajen shekarar 1906 ya fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1912, sai ya shiga sayen gyaɗa yana sayar wa kamfanonin Turawa, har aka san shi da dalar gyaɗa. A 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 banki a Kano. Fataken da suka nace wa tsohuwar hanya kuwa kasuwarsu ta yi ta ja baya, zangunanmu ma sun ji a jikinsu.

A farkon shekarun 1920 ya tafi aikin Hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila inda ya gana da Sarki George na Biyar. Yana raye jiragen sama suka fara sauka a Kano a 1925. Ɗansa Mamuda na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA a 1948, wadda kasuwar canji ta Wapa da ke Fagge ta gaji sunanta.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari cikin birnin Kano.

'Yan uwa 'yan kasuwa, hanya ba ta tabbata wuri ɗaya. Idan aka rufe iyaka ko aka buɗe sabon titi, wanda ya riga lissafin nisa da kuɗin dako shi ke tsira da jarinsa.

Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.