Theodore Roosevelt: Shugaban da masu zane suka bar wa kulki

Duk lokacin da darasi ya kawo mu kan karin magana, nakan nuna wa ɗalibaina wata ɗabi'a ta Bahaushe, wato ya faɗi rabin karin magana ya yi shiru, ya bar wa mai sauraro ya ƙarasa a zuci. Hakan na tafiya daidai ne saboda kowa ya san ragowar. Amma idan rabi ɗaya ya kama hanya shi kaɗai zuwa wurin waɗanda ba su san ɗayan ba, to ma'ana takan sauya. Irin wannan ne ya faru da Theodore Roosevelt, Shugaban Amurka na 26, kuma masu zanen barkwanci na jaridun ƙasarsa su ne suka yi wa maganarsa wannan yanka.

A watan Janairun 1900, yana Gwamnan Jihar Niyu Yok, ya rubuta wa wani abokinsa wasiƙa inda ya ambaci wani karin magana da ya ce na Afirka ta Yamma ne, mai nuni da cewa wanda ya tausasa harshe kuma ya riƙe ƙatuwar sanda zai yi nisa. Ya sake faɗarsa a bainar jama'a a Minnesota ranar 2 ga Satumba, 1901. Bayan kwana huɗu aka harbi Shugaba William McKinley, ya cika ranar 14 ga watan, mulki ya faɗo hannun mataimakinsa Roosevelt yana ɗan shekara 42.

An haife shi a birnin Niyu Yok ranar 27 ga Oktoba, 1858, a gidan masu hali. Ya taso da ciwon asma mai tsanani, ya yaƙe shi da motsa jiki da dambe, ya gama Jami'ar Harvard a 1880. Ranar 14 ga Fabrairu, 1884, mahaifiyarsa da matarsa suka rasu a gida ɗaya, rana ɗaya; baƙin ciki ya kora shi yankin Dakota ya yi kiwon shanu. Da ya dawo ya riƙe hukumar 'yan sandan Niyu Yok, sannan ya zama mataimakin sakataren sojan ruwa. Da yaƙi ya ɓarke da Sifen a 1898 sai ya ajiye aiki, ya tara dakarun sa-kai ya tafi Kyuba, ya dawo da sunan jarumi.

Allah Ya yi masa siffar da mai zane ke so: manyan haƙora a waje, ɗan tabarau a kan hanci, gashin baki, ga kaurin wuya. A lokacin babu rediyo balle talabijin, saboda haka talakan Amurka ya fi sanin shugabansa ta hannun masu zane na mujallu irin su Puck da Judge da kuma jaridun kullum. Muhawarar da ta raba ƙasar kuwa ita ce: shin Amurka, wadda ta ƙwaci kanta daga mulkin Ingila, ya dace ta mallaki wasu? Mutane irin su marubuci Mark Twain da attajiri Andrew Carnegie suna cikin ƙungiyar adawa da mulkin mallaka da aka kafa a 1898. Roosevelt na ɗaya ɓangaren, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Tun a 1899 Louis Dalrymple ya zana Amurka a Puck a matsayin malami mai tsumagiya, ya zaunar da wasu yara baƙaƙe huɗu masu ɗaure fuska a gaban aji, an rubuta musu Filifin da Hawai da Fotoriko da Kyuba. Ko mai zanen yana yabo ne ko zambo, abin da ya zauna a idon mai kallo shi ne cewa waɗannan al'ummu yara ne. A Filifin kuwa ba aji aka buɗe ba, yaƙi aka yi tun daga 1899. A tsibirin Samar, Janar Jacob Smith ya ba da umurnin a kashe duk wanda ya haura shekara goma, kuma a watan Mayun 1902 jaridar New York Journal ta fito da zanen sojoji sun auna bindigogi a kan yara da aka ɗaure wa idanu. Roosevelt ya tilasta wa janar ɗin yin ritaya, ya kuma ayyana ƙarshen yaƙin ranar 4 ga Yuli, 1902, amma tsibiran suka ci gaba da zama a hannun Amurka har 1946.

Abin mamaki, zanen da ya fi daɗewa a duniya daga wannan shekarar ba na yaran Samar ba ne. A watan Nuwamba ya je farauta Mississippi, aka ɗaure masa wata dabbar daji da ake kira beyar a jikin itace domin ya harbe, ya ƙi. Clifford Berryman ya zana labarin a Washington Post, masu ɗinkin 'yartsana suka ɗauka, aka samu 'yartsanar nan mai gashi da har yau ake kira da sunansa na wasa, Teddy. Ita dabbar dai, da yake ta ji rauni, wuƙa aka sa aka ƙarasa ta, sai dai wannan bai shiga zanen ba.

A 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, kulkin ya yi aikinsa mafi girma. Amurka na son haƙa mashigin ruwa a Fanama, wadda a lokacin lardi ce ta Kolombiya. Majalisar Dattawan Kolombiya ta ƙi amincewa da yarjejeniyar a watan Agusta. Ranar 3 ga Nuwamba masu son ɓallewa suka yi tawaye, jirgin yaƙin Amurka mai suna Nashville yana tsaye a gaɓa. Cikin kwana 15 aka sa hannu a sabuwar yarjejeniya, a kan dala miliyan 10 da kuma dala 250,000 duk shekara, kuma wanda ya sa hannu a madadin Fanama Bafaranshe ne, Philippe Bunau-Varilla. W. A. Rogers ya zana Roosevelt a New York Herald a matsayin ƙato da shebur, yana haƙa rami yana watsa wa birnin Bogota ƙasa. A 1904 ya sake zana shi yana ratsa tekun Karebiyan da ƙafa, kulki a kafaɗa, yana jan jiragen yaƙi da igiya kamar yaro da motar langalanga. A Disambar wannan shekarar ya shaida wa majalisa cewa Amurka na da ikon yin aikin ɗan sanda a kan maƙwabtanta idan sun kasa tafiyar da al'amuransu, kuma a 1905 ta karɓe tara kuɗin kwastan na Jamhuriyar Dominika. Dalrymple, wanda a lokacin yake zana wa Judge, ya sa masa kayan ɗan doka, ƙananan ƙasashe na kai masa ƙara.

Masu kare shi sukan ce an zalunce shi, domin an jefar da rabin da ya shafi tausasa harshe. Suna da hujja. Shi ne ya sasanta Rasha da Japan a Portsmouth a 1905, ya samu kyautar zaman lafiya ta Nobel a 1906, Ba'amurke na farko da ya same ta, kuma bai buɗe wani sabon babban yaƙi ba a shekara bakwai da rabi na mulkinsa. Amma a nawa ganin masu zanen ba su yi ƙarya ba. Shi da kansa ya raba karin maganar gida biyu: harshe mai taushi ga Rasha da Japan da Jamus da Ingila, masu jiragen yaƙi irin nasa, sanda kuma ga Kolombiya da Filifin da Dominika. Ko a cikin gida haka abin yake. Ya ci abinci da jagoran baƙar fata Booker T. Washington a fadarsa a 1901, Kudu ta yi ca a kansa, bai sake gayyatar sa cin abinci ba. A 1906 kuma ya kori sojoji baƙar fata 167 kan rikicin Brownsville ba tare da shari'a ba.

Da ya sauka a 1909 sai ya taho farauta Afirka, ya shigo ta Mombasa ya fita ta Khartum a watan Maris na 1910, shi da ɗansa Kermit sun kashe manyan namun daji 512. A Alƙahira ya gaya wa ɗalibai cewa shirin mulkin kai aikin zuriya bayan zuriya ne, masu kishin ƙasa suka yi masa zanga-zanga. A Landan ya ce wa Ingilishi ko dai su mulki Masar da ƙarfi ko su fice. Mutumin da ya ce daga Afirka ya aro hikimarsa, da ya zo Afirka rabin sanda kawai ya kawo mata.

A 1912 ya kafa sabuwar jam'iyya ya sake neman mulki. Aka harbe shi a Milwaukee, ya yi jawabinsa da harsashi a ƙirji kafin ya yarda a kai shi asibiti, amma Woodrow Wilson ne ya ci zaɓen. Ya matsa wa Wilson lamba a shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka shiga a 1917, aka harbo jirgin ƙaramin ɗansa Quentin a Faransa a watan Yulin 1918. Bai cika wata shida ba bayan haka ya rasu cikin barci, ranar 6 ga Janairu, 1919, yana ɗan shekara 60.

Muddin yana raye ya hana a biya Kolombiya diyya, domin a wurinsa hakan amsa laifi ne. A 1921 Majalisar Dattawan Amurka ta amince a ba ta dala miliyan 25. Mashigin kuwa sai ranar 31 ga Disamba, 1999, ya koma hannun Fanama. A watan Janairun 2022 aka cire mutum-mutuminsa daga ƙofar gidan adana tarihin halittu na Niyu Yok, inda yake bisa doki, ɗan asalin Amurka a gefe ɗaya, ɗan Afirka a ɗaya gefen, dukansu a ƙasa suna tafiya.