Abdullahi Ɗan Ummi Maktum, Makahon Da Aka Bar Wa Riƙon Madina

Filin namu na wannan mako ya ƙunshi tarihin wani sahabi makaho, wanda rashin gani bai zaunar da shi a bakin hanya yana jiran sadaka ba, watau Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Allah Ya yarda da shi.

Mutanen Madina suna kiransa Abdullahi, mutanen Iraki kuwa Amru suke ce masa. Sunan mahaifinsa Ƙaisu ɗan Za'ida, daga Bani Amir ɗan Lu'ayyu, wani reshe na Ƙuraishawa. Mahaifiyarsa Atika ita ake yi wa alkunya da Ummu Maktum, da sunanta kuma ya shahara. Ɗan kawun Uwar Muminai Nana Hadiza ne, domin mahaifiyarta Faɗimatu 'yar Za'ida 'yar'uwar mahaifinsa ce. Ya karɓi Musulunci tun a Makka, lokacin da masu imani 'yan kaɗan ne, kuma ana gallaza musu.

Wata rana Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tare da waɗansu manyan Ƙuraishawa yana kiransu zuwa ga addini, yana kwaɗayin su musulunta mabiyansu su biyo baya, sai ga Abdullahi ya iso yana neman a koya masa abin da aka saukar. Annabi bai so katsewar zancen ba, har alamar haka ta bayyana a fuskarsa, ya ci gaba da fuskantar baƙinsa. A kan wannan ne Allah Ya saukar da farkon Suratu Abasa, sura ta 80 a cikin Alƙur'ani, Yana tunatar da ManzonSa cewa wanda ya zo da gaggawa yana neman tsarkaka ya fi cancantar kulawa bisa ga mai ganin ya wadatu. Abin lura a nan shi ne, Abdullahi bai ga abin da ya bayyana a fuskar Annabi ba, balle ya kai ƙara, amma Ubangiji Ya tsaya masa a kan haƙƙinsa. Masu tafsiri sun ambata cewa tun daga ranar Annabi yakan girmama shi, ya yi masa maraba, ya tambaye shi ko yana da wata bukata.

Da aka buɗe ƙofar hijira, bai jira sai hanya ta yi sauƙi ba. Buhari ya ruwaito daga Barra'u ɗan Azib cewa Mus'abu ɗan Umairu da ɗan Ummi Maktum su ne farkon waɗanda suka iso Madina, suna karantar da mutane Alƙur'ani, kafin isowar Annabi a shekara ta 622 ta Miladiyya. Watau wanda ya zo yana roƙon a koya masa a Makka, shi ne ya zama malamin mutanen Madina.

A Madina aka ba shi aikin ladanci tare da Bilalu. Bilalu yakan yi kiran farko da sauran dare, Annabi kuma ya umarci masu azumi su ci gaba da sahur har sai sun ji muryar ɗan Ummi Maktum. Shi kuwa ba ya kira sai mutane sun sanar da shi cewa alfijir ya keto. Dubi yadda aka shirya aikin: masu ido suka ba da labarin ketowar alfijir, makaho ya ɗaukaka murya, azumin gari duka ya rataya a kan kiransa.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya taɓa neman izinin yin salla a gida, domin gidansa da nisa, ba shi kuma da ɗan jagoran da ya dace da shi. Da Annabi ya tabbatar yana jin kiran salla, sai ya umarce shi da halarta. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan girman sallar jam'i, yana kuma nuna cewa ba a yarda a rasa shi a cikin sahu ba. Har ila yau yana da gidan kansa, kuma amintacce ne, shi ya sa Annabi ya umarci Faɗimatu 'yar Ƙaisu ta yi iddarta a can, kamar yadda Muslimu ya ruwaito.

Mafi girman amanar da aka ɗora masa ita ce riƙon Madina. Idan Annabi zai fita yaƙi, sau da yawa shi yake bari a bayansa yana jan mutane salla, kamar yadda aka yi a yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan Hijira, da yaƙin Handaƙ a shekara ta 5. Malaman tarihin sahabbai sun ƙidaya wannan wakilci har sau 13. Daga nan ne malaman fiƙihu suka ɗauki hujjar ingancin limancin makaho.

Bai kuma yi shiru ba a inda hukunci ya shafi masu lalura irin tasa. Lokacin da aya ta 95 ta Suratun Nisa'i ta sauka tana fifita masu jihadi a kan masu zama a gida, Annabi yana yi wa Zaidu ɗan Sabit shifta, sai Abdullahi ya kawo kukansa, ya bayyana cewa da yana da iko da ya fita. Nan take wahayi ya sauka da togaciyar masu lalura, har Zaidu ya ji nauyinsa a cinyarsa. Da wannan magana tasa aka ɗauke zargi daga kan makafi da guragu da marasa lafiya har ranar tashin ƙiyama.

Duk da rangwamen da ya samo wa waɗansu, shi kansa ya fita. A zamanin Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi ya halarci yaƙin Ƙadisiyya a ƙasar Iraki, ƙarƙashin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wajen shekara ta 15 bayan Hijira. Anasu ɗan Malik ya gan shi sanye da sulke, riƙe da baƙar tuta. Waɗansu malaman tarihi sun ce a nan ya yi shahada, Waƙidi kuwa ya ce ya komo Madina ya rasu a can.

Shugabannin da suka zo daga baya sun ɗora a kan wannan tushe. Ɗabari ya ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya ba kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai yi masa hidima, ya kuma yanka wa kutare abin da zai ishe su, ya hana su bara.

To, jama'a, wannan tarihi hujja ce a kan duk uban da ya haifi makaho ko gurgu ko kurma, ya miƙa masa ƙoƙon bara maimakon allo da sana'a, haka kuma a kan duk shugaban da yake ganin ya sauke nauyin naƙasassu da 'yar sadakar ranar Juma'a. Haƙƙinsu ne a ba su ilmi, a sauƙaƙe musu hanyar shiga masallaci da makaranta da wurin aiki, a ba su muƙamin da suka cancanta, a kuma saurare su kafin a yanke abin da ya shafe su. Allah Ya yarda da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Ya ba mu ikon koyi da magabata na ƙwarai, amin.