Fritz Haber: Mutumin da Ya Ciro Taki Daga Iska

A wannan makon mun kawo muku tarihin wani Bature wanda bai taɓa taka Daudawa ba, amma aikinsa na cikin kowane buhun yuriya da iyayenmu ke zuba wa masara.

An haifi Fritz Haber a 1868 a birnin Breslau na Jamus, wanda yanzu yake cikin ƙasar Folan. Ya karanci ilimin sinadarai. A zamaninsa manoma na fama da ƙarancin naitrojin, sinadarin da ke sa ganyen shuka ya yi kore shar. Abin mamaki, kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitrojin ne, sai dai masara ba ta iya ɗaukarsa daga iska. A 1909 Haber ya haɗa shi da haidurojin cikin zafi da matsi mai tsanani, ya samu amoniya. Carl Bosch na kamfanin BASF ya faɗaɗa aikin, aka buɗe masana'anta a 1913. Daga amoniya ake yin yuriya. Ku duba lamba 46 a jikin buhu, yawan naitrojin ɗin ke nan cikin ɗari.

Hanyar tasa tana cin makamashi sosai, masana'antun kuma suna fitar da iskar da ke ɗumama duniya. Ga shi shuka ba ta shanye takin duka. Wani ruwan sama ya wanke shi, wani ya bi iska, musamman idan an watsa ba a rufe da ƙasa ba. Shi ya sa masana a yau ke auna ribar kwaso naitrojin daga ruwan ƙazanta da kashin dabbobi a mayar gona. Mu dai a nan da ma mun saba ganin amalanke tana kai takin shanu da na juji kafin damina.

Wani ɓangaren rayuwarsa ba daɗin ji. A Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ya jagoranci sakin iska mai guba kan sojoji a Ypres ta Beljiyam a 1915. Duk da haka aka ba shi kyautar Nobel ta 1918, masana da yawa suka yi tir.

Da Hitler ya hau mulki a 1933, Haber ya ajiye aiki ya bar Jamus, domin asalinsa Bayahude ne. Ciwon zuciya ya kashe shi a Basel ta Siwizalan a 1934.